Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Jami'ar Bayero: A Haɗa Sababbin Ɗalibai Da Marubuta Ko Daga Nesa Ne

Mai girma Shugaban Jami'a,

Roƙo guda ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma na ga ya fi kyau in yi shi a bainar jama'a tunda waɗanda maganar ta fi shafa ba su da hanyar isa ofishinka. Ina roƙon Jami'ar Bayero ta buɗe shirin sanin makamar aiki a fannin rubuta ƙagaggen labari, wanda za a gudanar daga nesa ta waya da intanet. A keɓe shi ga ɗaliban aji ɗaya da aji biyu, a haɗa kowannensu da marubucin da ke ci da alƙalaminsa, a ba ɗalibin kuɗin data, a biya marubucin ladan wahalarsa, sannan a lissafa aikin cikin makin digiri kamar kowane darasi. Na san akwai malaman da za su ji wannan su ce ga ɗakunan karatu sun cika sun batse, ga kuɗin wutar lantarki ya sha kan jami'o'i, wa yake ta tatsuniya? Tambayar tana kan hanya, kuma zan zo kanta. Amma bari in fara nuna inda ciwon yake.

Ranka ya daɗe, adabin Hausa a yau yana da marubuta jingim, yana da masu karatu fiye da kowane lokaci a baya. Duk wanda ya leƙa zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook da Wattpad da manhajar ArewaBooks zai tarar da littattafai tuli, ga kuma tashoshin YouTube da ke karanta su ga wanda ba ya son zura wa waya ido. Yadda sana'ar ke tafiya sananne ne. Marubuciya ta buga shafi a wayarta da daddare, ta sake shi da safe, masu karatu su yi ta sharhi. Idan labari ya ɗauki zafi sai a ce shafukan kyauta sun ƙare, mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira a sa shi a zauren masu biya. Tsakanin babban yatsan marubuciyar da idon mai karatu babu kowa. Ba wanda zai ce mata babin nan na uku maimaicin na biyu ne, ko ya tuna mata cewa tauraron da ta kira maraya a farkon littafi ga mahaifinsa nan ya ɓullo a tsakiya ba gaira ba dalili, ko ya nuna mata inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta. Sharhin da take samu na masoya ne, shi kuwa masoyi kullum cewa yake a ƙaro. Tsarin biyan ma yana tura ta ga jan labari, domin muddin labari bai ƙare ba zaure bai watse ba. A cikin waɗannan marubuta akwai masu baiwar da za ta girgiza mutum, kuma da yawansu ɗaliban manyan makarantu ne. Abin da suka rasa shi ne hannun da zai karɓi zubin farko ya mayar musu da shi cike da jan biro.

Wannan hannun ne ya raini ƙagaggen labarin Hausa na boko tun yana jariri. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su gwada rubuta labari, aka yi gasa, aka samu littattafai biyar da har yau ake karantawa: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Akan ba da wannan tarihi kamar gasar ce kaɗai ta yi aikin, a manta da abin da ya biyo bayanta. Abubakar Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai ma kai shi ba, yana koyarwa a Bauchi. Cikinsu babu wanda ya taɓa wallafa littafi. Rubutunsu ya tafi Zariya, can aka tace shi, har East ya aika wa Imam wasiƙa yana jan hankalinsa kan labaran da ya aro daga wasu littattafai. Sai bayan an ga abin da zai iya yana can Katsina aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce, daga nan kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939. Matashi sabon shiga, da edita a wani gari, da takarda mai kai da komo a tsakaninsu: abin da nake roƙo ke nan, sai dai saƙon da a da yake kwana da kwanaki a hanya yanzu yana isa kafin a ɗauke yatsa. East Bature ne ma'aikacin mulkin mallaka, kuma ya cusa wa adabinmu ɗanɗanonsa ta hanyoyin da masana suka daɗe suna suka. Ra'ayinsa ya tafi da zamaninsa. Kujerar da ya zauna a kai ce ta daɗe babu kowa.

Hukumomin da suka gaji kujerar sun riƙe ta na wani lokaci: Kamfanin Gaskiya daga 1945, NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC daga 1966. Gasar da NNPC ta shirya a ƙarshen shekarun 1970 ita ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta, matasa kuma suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. Daga nan aka samu abin da aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, da ƙungiyoyi irin su Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, inda marubuta suka riƙa tallafa wa juna gwargwadon ƙarfinsu tunda babu wani mai tallafa musu. Jami'o'i kuwa suka tsaya a matsayin masu sharhi. An yi shekaru ana muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi a gefe guda, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a ɗaya gefen, kan ko waɗannan littattafai sun cancanci a kira su adabi. Muhawarar ta yi amfani, ta kuma haifar da kundayen digiri masu yawa, amma kundin digiri yakan zo ne bayan littafi ya shiga kasuwa, lokacin da gyara ya wuce. Gwamnati ita ma ta gwada nata maganin. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Kano a 2001, a 2007 kuma aka ƙona littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ƙonawar ba ta gyara ko babi ɗaya ba, kuma ba a jima ba rubutun ya ƙaura cikin waya, inda ashana ba ta kaiwa.

Za a ce ai akwai darasin ƙirƙirar rubutu a manhajar sassan harsuna. Akwai, kuma malaman da ke koyar da shi suna iya ƙoƙarinsu. Amma malami ɗaya a gaban aji mai cunkoso, ga sauran darussa, ga kundayen 'yan ajin ƙarshe, ga tarurruka, ba zai iya karanta labarin kowane ɗalibi sau uku ba. Iyakarsa ya bayyana jigo da salo da zubi da tsari, ya karɓi aiki sau ɗaya, ya ba da maki. Shi kuwa rubutu a zubi na biyu da na uku ake koyonsa, ranar da aka ce wa mutum ya yanke shafin da ya fi ƙauna, ya yanke yana ɓata rai, sannan ya ga labarin ya ƙara ƙarfi. Ƙasar nan ta daɗe da yarda cewa aji kaɗai ba ya koyar da sana'a. Shi ya sa Hukumar ITF ta kafa shirin SIWES a 1973, ɗaliban injiniya da kimiyya da aikin gona da aikin jarida suke tafiya masana'antu da ma'aikatu da kundin rahoto a hannu. Mai karatun malanta yana zuwa gwajin koyarwa, mai karatun lauya yana zama a kotu da ofishin lauyoyi kafin a rantsar da shi. Ɗalibin adabi ne ake sa ran zai fito ya iya sana'ar ba tare da ya taɓa zama ƙarƙashin mai yin ta ba.

To me ya sa daga nesa? Domin wannan sana'a ce da nisa bai cika rage mata komai ba. Ɗalibin injiniya dole ya je inda injin yake, marubuci kuwa wurin aikinsa shi ne shafin da ke gabansa, kuma shafi yana zuwa ko'ina. Sannan waɗanda suka iya aikin a warwatse suke: wani yana Gusau, wata tana Kaduna, wani yana Katsina ko Jos ko Abuja, wasu suna Maraɗi da Damagaram, inda ake rubuta Hausar nan tamu da 'yan bambance-bambancen ƙa'ida da ya kamata ɗalibinmu ya sani. Babu kasafin da zai tara su a harabar jami'a da ke titin Gwarzo duk mako. Dalilin da ya fi nauyi a wurina kuwa shi ne mata. Kaso mai yawa na marubutan labarin Hausa mata ne, da yawansu matan aure masu rubutu daga ɗakunansu, kuma gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata zalla ta nuna yawansu da ƙwarewarsu. Duk shirin da ya wajabta wa mai koyarwa ko mai koyo zuwa ofis kullum ya riga ya zubar da mafi yawansu kafin a fara. Kai wa mace ilimi har gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi haka a ƙarni na 19 ta hanyar 'Yan Taru, inda kowace jaji, wato shugabar rukuni, ke karɓar karatu da waƙoƙi a wurinta ta kai wa matan ƙauyensu. A zamaninmu Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta horar da malaman makaranta ba tare da ta raba su da azuzuwansu ba, kuma farfesan jami'arka ne, Abdalla Uba Adamu, ya shugabanci Jami'ar Karatu Daga Gida daga 2016 zuwa 2021. Masanan wannan hanya suna cikin gidanka.

An kuma gwada ta a kan rubutun labari kansa. Daga 2001 zuwa 2006 Hukumar British Council da Jami'ar Lancaster ta Ingila sun gudanar da wani shiri mai suna Crossing Borders ƙarƙashin Graham Mort, inda aka haɗa sababbin marubutan Afirka da ƙwararru a Birtaniya. An fara a Yuganda, aka faɗaɗa zuwa wasu ƙasashe har da Nijeriya. Kayan aikin imel ne, a zamanin da sai mutum ya je shagon intanet ya biya kuɗin awa. Mai koyo ya tura aiki, malami ya mayar da sharhi dalla-dalla a rubuce, a sake zubi. A nan gida ƙungiyar SprinNG ta yi makamancin haka kyauta, na 'yan makonni, ta waya. Abin lura shi ne duk da Ingilishi ake yi. Yaron da ke son rubutu da Ingilishi yana da irin waɗannan ƙofofi, yana da bitar da Chimamanda Adichie ta yi shekaru tana shiryawa, yana da masaukin marubuta na Ebedi da Wale Okediran ya kafa a Iseyin a 2010. Mai rubutu da Hausa abin da ya fi samu gasa ce da bita ta kwana biyu. Gasa tana zaɓen gwani daga cikin waɗanda suka riga suka iya, bitar kwana biyu kuma tana ƙarewa da hoto da takardar shaida. Babu wadda ke ba yaro mutumin da zai bi shi wata uku yana ce masa sake.

Ga yadda nake hango shirin, kuma na ƙanƙanta shi da gangan. A fara da ɗalibai 30 da marubuta 10, kowane marubuci da ɗalibai uku, na mako 12 a lokacin dogon hutu. A buɗe ƙofa ga kowane sashe, domin ɗalibar likitanci ko ta lissafi tana iya fin ta adabi labari a ka. Abin shiga shafi uku ne na rubutun mutum. Kowane mako ɗalibi ya tura aiki, marubuci ya mayar da gyara a rubuce, su yi magana ta murya sau ɗaya. Makonnin farko su tafi a kan ƙananan ayyuka na gaske daga teburin marubucin: duba ƙa'idar rubutu a babin da zai fita, taƙaita littafi a shafi guda, bin sawun taurari don kada wani ya ɓace a hanya, mayar da babi fitowar wasan rediyo. Nan ne sanin makamar aiki ya rabu da darasi, domin ɗalibi yana taɓa kayan da za su je kasuwa, yana kuma ganin yadda gwani ke fama da nasa zubin farko. Sauran makonnin ya rubuta gajeren labarinsa ya sake shi aƙalla sau uku. Malami daga Sashen Harsunan Nijeriya ya zama mai sa ido, yana ganin duk abin da ke kai da komo, kuma shi ne mai ba da maki. Daga ƙarshe Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, wadda ta ba mu Ƙamusun Hausa a 2006, ta tace labaran da suka fi, maɗaba'ar jami'a ta buga su, gidan rediyon jami'a ya karanta su.

Ƙorafin farko da za a kawo tsoho ne: rubutu baiwa ce, ba a koyar da ita. Rabin maganar gaskiya ne. Ba wanda zai dasa wa mutum kunnen jin yadda tsohuwa ke yi wa jikarta magana, ko idon da ke ganin labari a layin asibiti. Amma ko a shagon tela akan gane yaro mai hannu tun makon farko, duk da haka sai ya yi watanni yana sa maɓalli da guga, maigidansa yana farke masa ɗinki, kafin a ba shi shadda ya yanka. Abubuwan da ke kashe yawancin littattafanmu irin waɗanda ake koyo ne: inda ya kamata labari ya fara, yadda za a bar tauraro ya nuna halinsa da aikinsa maimakon marubuci ya yi ta wa'azi a kansa, yadda za a sa mutum biyu su yi zance kowa da bakinsa, da lokacin da ya dace a ajiye alƙalami. Dalilin cewa a fara da 'yan aji ɗaya da biyu kuwa shi ne ɗan ajin ƙarshe kundinsa ya danne shi, kuma idan mai rubutu ne ya riga ya yi shekaru yana shan tafin masoya har kurakuransa sun zame masa salo. Wanda aka buɗe wa ido a aji biyu yana da sauran shekaru a gabansa da zai ci moriyar laburare da malamai da sabon ido.

Ƙorafi na biyu daga majalisar malaman jami'a zai fito: yaya za a miƙa ɗalibai ga mutanen da wasunsu ba su da digiri, wasu kuma ana zargin rubutunsu da batsa? Batun takarda mai sauƙi ne. Ba a tambayar mai kula da ɗalibin SIWES a masana'anta digirin digirgir, iya aikinsa ake dubawa. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙarama, amma littafinta Alhaki Kuykuyo Ne farfesan jami'ar nan, Aliyu Kamal, shi ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012. Ado Gidan Dabino ta makarantar manya ta dare ya shiga karatun boko, a 2014 kuma ƙasa ta ba shi lambar girma ta MON. Idan littafin mutum ya isa a rubuta kundin babban digiri a kansa, mai littafin ya isa ya duba labarin ɗan aji ɗaya. Batsa kuwa akwai ta a zaurukan waya, musun haka ɓata baki ne. Amma jami'a ce za ta zaɓi masu koyarwa, tare da shawarar reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, kuma zaɓen kansa wata daraja ce da za ta ja marubuta zuwa ga tsabtar alƙalami fiye da yadda barazana ta taɓa yi. Sai dai a yi hattara da masu zaɓen. Littafin da ya yi magana a kan auren dole ko saki ko cin amanar maraya ba batsa ba ne, kuma idan aka tara masu wa'azi zalla za a yaye ɗaliban da ba mai karanta su.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na zalunci. Sunan sanin makamar aiki daga nesa ya ɓaci a wurare da yawa, domin intanet cike take da tallace-tallacen da ke neman matasa su yi wata da watanni suna rubutu kyauta, wani lokaci ma su biya kuɗin takardar shaida a kai. A kasuwar rubutun Hausa kuma kukan satar fasaha ba ya ƙarewa: a kwafe littafin kuɗi a watsa, a karanta shi a YouTube ba izini, a ga labarin wani a fim da sunan wani. Yaron da ya miƙa labarinsa ga babban marubuci yana da dalilin fargaba. Ko a gasar 1933 an ga yadda iyaka tsakanin mai gyara da mai rubutu ke iya ɓacewa, tunda Jiki Magayi ya fito da suna biyu a bango, na John Tafida da na East. Wannan ne ma ya sa nake cewa jami'a ce ta dace da aikin, domin ita ke da ikon gindaya sharaɗi a bi. A rubuta yarjejeniya tun farko: labarin ɗalibi mallakinsa ne kamar yadda Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanada, idan aikinsa ya shiga littafi ko fim ɗin malaminsa a sa sunansa a biya shi, a ƙayyade awannin aiki a mako, kada a karɓi ko kwabo daga hannun ɗalibi. Akwai kuma maganar da iyaye za su fara tambaya, ta 'ya mace da namiji baƙo suna musayar saƙo. Amsarta ita ce babu hirar mutum biyu: kowane zaure da malamin jami'a a ciki, ɗaliba tana da damar zaɓar mace, kuma ba haɗuwa a wani wuri da sunan shirin. A nan nisa kariya ne, domin duk abin da aka faɗa yana nan a ajiye, saɓanin ofishin da aka turo ƙofarsa.

Matsalar wuta da data da layin waya gaskiya ce. A watan Janairun 2025 Hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, kuma ba a manta yadda aka katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna a 2021 ba. Amma rubutu shi ne kaya mafi sauƙi da waya ke ɗauka. Shirin ba ya buƙatar darasin bidiyo kai-tsaye. Wa'adi ne na mako, wanda bai da caji ya rubuta a takarda ya ɗauki hoto ya tura ranar da ya samu. Masu tsoron ɗalibi zai sa ChatGPT ya rubuta masa kuwa, wannan tsari ya fi jarrabawar a-tafi-da-ita-gida wuyar ha'inci, domin duk mako sai yaro ya faɗa da bakinsa dalilin da ya sa ya kashe wannan tauraro ya bar wancan, kuma zubinsa na farko da na biyu da na uku suna gaban malami a jere.

Saura tambayar da na ɗage, ta kuɗi da amfani. Abin da za a kashe bai wuce data ta mutum 30, da ladan mutum 10, da buga littafi guda ba. Asusun TETFund yana da kason wallafa littattafai, Gidauniyar MacArthur ta daɗe tana tallafa wa jami'ar nan, kuma akwai masu buƙatar marubuta da za a iya cewa su ɗauki nauyin ɗalibi biyu ko uku. Tashar Arewa24 tun 2014 take cin labari mako-mako a shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, finafinai masu dogon zango irin su Labarina suna ƙara yawa, gidajen rediyo suna neman wasanni. Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih daga rubuta littafi suka shiga rubuta fim. Ba zan ce sana'ar za ta azurta kowa ba. Rufe manhajar OkadaBooks a Nuwamban 2023 ya isa ya nuna yadda kasuwar littafi take da wuya. Amma wanda ya iya tsara labari da Hausa mai tsabta yana da wurin zuwa a jarida da talla da fassara da aji, ko da bai taɓa sayar da littafi ba. Ikon kuma yana hannunka. Sabuwar manhajar CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Jami'ar da ke zaune a garin da ya ba adabin kasuwa sunansa, ya ba Kannywood nata, ba ta buƙatar neman nesa kafin ta san abin da ya dace da muhallinta.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon ka umarci Sashen Harsunan Nijeriya da Cibiyar Nazarin Harsuna da Tsangayar Sadarwa su zauna da wakilan marubuta, mata a cikinsu, su kawo maka tsari a rubuce cikin zangon karatun nan, a kai shi gaban majalisar malamai, a gwada shi da ɗalibai 30 a hutu mai zuwa. Bayan mako 12 a ajiye zubin farko da na ƙarshe na kowane ɗalibi a gaban malaman da suka fi shakkar shirin, su karanta su yanke hukunci. Idan ba su ga bambanci ba a rufe shi.